Hepatit B mai daɗewa a Afirka ta Yamma: matsalar tantance wanda za a ba magani

1. Gabatarwa

Abin da muke so mu duba a cikin wannan takarda tambaya ce guda ɗaya, wadda likita ke cin karo da ita ran da sakamakon awon jini ya dawo ɗauke da alamar AgHBs: wannan mutum za a ɗora shi bisa magani, ko kuwa sa ido kawai za a yi masa? Amsar da Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta bayar a 2015 ba ita ce ta 2024 ba, kuma binciken da aka gudanar a Gambiya da wasu ƙasashen Afirka yana cikin abin da ya kawo wannan canji. Za mu bi sawun binciken domin mu ga yadda ma'aunin da aka tsara a wata ƙasa yakan kasa aiki a wata.

Kafin nan, akwai batun kalma. A bakin jama'a, ciwon hanta shi ne shawara: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja. Amma shawara alama ce kawai, kuma mafi yawan masu ɗauke da birus ɗin hepatit B na tsawon rai ba su taɓa yin ta ba. Saboda haka idan muka ce "mai ɗauke da cuta" a nan, muna nufin wanda AgHBs ya zauna cikin jininsa fiye da wata 6, ko da yana noma gonarsa lafiya lau. "Tabo" kuwa shi ne abin da littattafan Faransanci ke kira fiburozi, kuma "sirozi" shi ne matakinsa na ƙarshe, inda hanta ta ƙandare.

2. Dalilin da ya sa tilas a yi zaɓe

Bisa ƙididdigar OMS, mutum miliyan 254 ke ɗauke da hepatit B a duniya a 2022, kuma cutar ta kashe kimanin miliyan 1,1 a wannan shekara. Kashi 13 cikin 100 ne kawai suka san suna da ita. Waɗanda ke shan magani ba su wuce kashi 3 ba. Yankin Afirka shi ke da kashi 63 cikin 100 na sababbin kamuwa.

A yankinmu, kamuwa takan faru ne tun ana yara, ko daga uwa lokacin haihuwa ko tsakanin yaran gida. Wannan yana da muhimmanci, domin jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, sau 9 cikin 10 cutar takan zauna masa, alhali babban mutum da ya kamu, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zaune musu. Ke nan hanta takan yi shekara 30 ko 40 tana fama ba tare da mai ita ya sani ba. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara masu sankarar hanta daga asibitocin ƙasashen Afirka da dama, ya nuna cewa in aka ware Masar, matsakaicin shekarun mai ciwon 46 ne, kuma rabinsu ba su kai wata 3 ba bayan an gano ciwon.

Magani akwai shi. Lamibudin da aka fara ba masu hepatit B a 1998 ya zo da aibu, domin bayan shekara 5 birus yakan bijire masa a wajen kimanin kashi 70 cikin 100 na masu sha. Antekabir (2005) da tenofobir (2008) sun kawar da mafi yawan wannan damuwa: ƙwaya ɗaya a rana tana danne birus har awo ya kasa ganinsa, tabo ya tsaya, wani lokaci ma ya ragu. Sai dai ba sa warkarwa. Birus yana ajiye kwafin ADN ɗinsa a cikin cibiyar ƙwayar hanta, inda maganin ba ya kai wa, shi ya sa yakan farfaɗo in an daina sha. A nan hepatit B ta bambanta da hepatit C, wadda tun fitowar sofosbubir a 2013 ake warkar da ita cikin mako 12 a wajen fiye da kashi 95 cikin 100. Wanda aka ɗora bisa tenofobir, galibi an ɗora shi ne har iyakar rai. Da yawa daga masu ɗauke da cutar kuwa ba za ta taɓa lalata musu hanta ba. Daga nan ne buƙatar zaɓe ta taso.

3. Ma'aunai da tsadarsu

Abu uku likita ke son sani: yawan birus a jini, ko hanta na kumburi, da kuma zurfin tabo. Kumburi shi ne mai sauƙi, domin awon ALAT da ASAT kusan kowane asibitin jiha na yin sa. Yawan birus yana buƙatar awon ADN, mai tsada, wanda galibi sai a babban birni. Tabo kuwa, a da sai an soka allura an ciro ɗan tsinken hanta an duba, a ba shi mataki daga F0 zuwa F4 bisa tsarin METAVIR da masana Faransa suka shimfiɗa. Daga 2003 na'urar FibroScan ta zo, tana auna taurin hanta daga waje cikin ƴan mintoci, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin asibitocinmu. Ita ma tana da sharaɗi: a Gambiya an nuna cewa cin abinci kafin awo yana ƙara taurin da take nunawa, don haka sai mutum ya zo bai karya ba.

Saboda wannan tsada ne OMS, a jagoranta na farko na 2015, ta dogara bisa wani lissafi mai suna APRI. Ana raba ASAT ɗin mutum da iyakar ASAT ta mai lafiya, a raba abin da ya fito da yawan falaket, wato ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, sa'an nan a ninka da 100. Hikimar ita ce, hanta mai tabo takan tura jini baya zuwa saifa, saifa ta kumbura ta riƙe falaket, sai yawansu ya ragu. OMS ta ce in APRI ya haura 2, a ɗauka sirozi ne, a ba da magani. In ba haka ba, sai wanda ya wuce shekara 30, ALAT ɗinsa ya daɗe a sama, kuma ADN ya haura 20.000 UI/ml.

Mu lura da asalin wannan lissafi. An tsara shi ne a Amurka a 2003, bisa masu hepatit C. Ba a gina shi bisa jinin ɗan Afirka mai hepatit B ba.

4. Abin da aka gano a Gambiya

Gambiya ta daɗe tana zama filin wannan bincike. Tun 1986 aka fara can babban gwajin rigakafin jarirai, tare da cibiyar binciken sankara ta OMS da ke Liyon. Amma rigakafi ba ya amfanar wanda ya riga ya kamu. Don haka daga ƙarshen 2011 zuwa farkon 2014 shirin PROLIFICA ya shiga ƙauyuka da unguwanni yana yi wa ƴan shekara 30 zuwa sama awon ɗigon jini na nan take. Mutum 5.980 suka yarda, aka sami 495 da AgHBs, wato fiye da kashi 8 cikin 100. A cikin masu ba da jini a asibiti kuwa, 721 cikin 5.559, wato kashi 13.

Sakamako biyu ne suka fi jan hankalinmu. Na farko: kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka gano a gida sun je asibiti domin cikakken awo, alhali cikin masu ba da jini kashi 42 ne kawai suka koma. Wato mutane ba ƙin asibiti suke ba, in an same su a gida an yi musu bayani. Na biyu: da aka yi musu awo duka, da ADN da FibroScan, aka bi ƙa'idar ƙungiyar masana hanta ta Turai, mutum 18 ne cikin 402 suka cancanci magani, kashi 4,4 ke nan. A lokacin, an karanta wannan adadi a matsayin albishir ga ma'aikatun lafiya: masu buƙatar ƙwaya kaɗan ne. Amma domin a gano 18 ɗin nan, sai da aka yi wa 402 awon da ya fi maganin tsada.

Daga wannan tarin bayanai ne Yusuke Shimakawa na Cibiyar Pastor ta Paris, da Maud Lemoine da abokan aikinsu, suka fitar da ma'aunin TREAT-B a 2018. Ba ya buƙatar ADN. Mai AgHBe yana samun maki 1. ALAT ƙasa da 20 ba maki, daga 20 zuwa 39 maki 1, daga 40 zuwa 79 maki 2, daga 80 zuwa sama maki 3. Wanda ya tara maki 2 ko fiye, a ba shi magani. Ma'aunin ya kama kashi 85 cikin 100 na waɗanda cikakken awo ya ce su cancanta, ya kuma ware kashi 77 na waɗanda ba su cancanta ba. Ba cikakke ba ne, amma ana iya lissafa shi a bayan takardar awo.

APRI kuwa bai ci jarrabawa ba. A 2023 haɗakar masu bincike ta HEPSANET ta tattara bayanan mutum fiye da 3.500 daga ƙasashe 8 na Afirka kudu da Sahara, ta gwada APRI da sakamakon FibroScan. Iyakar nan ta 2 ta kama kashi 16,5 cikin 100 kawai na masu sirozi. Ma'ana, cikin mutum 6 da hantarsu ta riga ta ƙandare, 5 za a sallame su a ce su dawo baɗi. Ɗaya daga dalilan shi ne, yawancin manya a nan ba su da AgHBe, ASAT ɗinsu ba ya hawa sosai ko da tabo ya yi nisa.

5. Jagoran 2024 da abin da ya biyo baya

A watan Maris na 2024 OMS ta sake jagoranta. An sauko da iyakar APRI zuwa 0,5, ko taurin hanta sama da 7 kPa. An sauko da ADN zuwa 2.000 UI/ml in ALAT ya haura 30 ga namiji ko 19 ga mace. An ƙara da cewa mai sida ko hepatit C ko D, da mai ciwon sukari, da wanda aka taɓa yin sirozi ko sankarar hanta a danginsa, a ba shi magani ba tare da jiran sauran awo ba. Inda ba a samun awon ADN, ALAT da ya daɗe a sama ya isa hujja. An kuma sauko da shekaru zuwa 12. Hukumar ta kiyasta cewa masu cancanta za su tashi daga kashi 8 zuwa 15 cikin 100 su kai aƙalla rabi.

Alal misali, mu ɗauki magidanci ɗan shekara 35, ASAT ɗinsa 48, iyakar ɗakin awon 40, falaket 150. In an raba 48 da 40 za a sami 1,2. A raba da 150 a ninka da 100, APRI ya zama 0,8. A 2015 da an sallame shi. A yau sai a rubuta masa tenofobir.

A ganinmu canjin ya dace, domin kuskuren barin mai sirozi ba magani ya fi kuskuren ba mai lafiya ƙwaya muni. Amma kada mu ɗauka matsalar ta ƙare; wuri ta sake. Duk ma'aunin da aka sassauta zai kamo waɗanda ba su da tabo. Zazzaɓin cizon sauro yana rage falaket, tsargiyar hanji tana kumbura saifa, giya da wasu magungunan gargajiya suna ɗaga ASAT, kuma kowane ɗayansu na iya tura APRI sama da 0,5. Awon da aka yi wa mutum yana cikin zazzaɓi a watan Satumba bai kamata a yanke hukuncin shekara 30 bisa kansa ba. A bari ya warke a sake.

Sa'an nan akwai batun ɗorewa. Daina tenofobir kwatsam yakan sa birus ya taso da ƙarfi, hanta ta kumbura, kuma ga mai sirozi hakan na iya zama ajali. Wanda zai sayi maganin wata biyu bayan girbi, ya bari in rani ya yi tsanani, ko ya tafi cin rani bai riƙe guzurin ƙwaya ba, an sa shi cikin hatsarin da bai da shi a da. Ga kuma ƙoda da ke buƙatar awo lokaci lokaci. Saboda haka ɗalibin da zai yi bincike a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, adadin da ya kamata ya bi shi ne mutum nawa ke kan magani bayan wata 12 da wata 24, ba mutum nawa aka ɗora ba.

Abu na ƙarshe da babu shi cikin APRI ko TREAT-B shi ne abinci. Gujiya da masara da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da dafin aflatoksin, kuma tun 1991 aka gano tambarin da yake bari a kan ƙwayar gado ta TP53, a gurbi na 249, cikin sankarar hantar mutanen kudancin Afirka da na Sin. Haɗuwar dafin da hepatit B tana ninka hatsarin sankara fiye da yadda kowannensu zai yi shi kaɗai. Tenofobir yana rage wannan hatsari, ba ya share shi, shi ya sa mai sirozi ko yana shan magani ake yi masa ekogarafi kowane wata 6. A ƙasar gujiya irin tamu, takardar tambayoyin bincike ya kamata ta ƙunshi yadda ake shanya amfanin gona da inda ake ajiye shi, kusa da layin ALAT da na falaket.