Kalmar 'ƙarfe' da ma'anoninta a Hausa

Idan manomi a Mungadi, cikin ƙaramar hukumar Maiyama ta jihar Kebbi, ya ce zai je wurin maƙeri da ƙarfe biyu, ana iya fahimtarsa ta hanya biyu: ko dai lokaci yake nufi, ko kuwa abin da zai kai a ƙera masa.

Ma'anar kalmar ta asali ita ce abin da ake samu bayan an narka tama, wato dutsen da ƙarfe ke cikinsa.

Binciken masana tarihi ya nuna cewa ana narka tama a dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7.

Maƙera sun raba ƙarfe gida biyu bisa ga kamanninsa. Baƙin ƙarfe ba ya ƙyalli, kuma da shi maƙeran baƙi ke ƙera fartanya da garma da lauje, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Jega. Maƙeran fari kuwa suna aiki ne da azurfa da tagulla masu sheƙi, suna ƙera zobe da awarwaro.

Ma'ana ta biyu ita ce ta lokaci. Ana danganta ta da zamanin Turawan mulkin mallaka, sa'ad da ake buga ƙarfe a bariki domin sanar da sa'a: bugu biyu, ƙarfe biyu.

Kalmar ta kuma shiga salon magana. Matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa akan ce ta zama ƙarfen ƙafa, sannan masu iya magana kan ce ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Sai dai yayin da ma'anonin ke yaɗuwa, sana'ar da ta haifi kalmar ta ja baya. Shigowar ƙarfen Turai a ƙarni na 20 ta sa aka daina narka tama, kuma a yau akasarin maƙera tsofaffin ƙarafan mota suke sarrafawa.

Kalmar tama kanta an fi jin ta ne yanzu a labaran kamfanin tama da ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka fara ginawa a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, amma har yau bai fara narka tama ba.