Masassaƙan dutse na Mahabalipuram

Da wuya baƙo ya shiga Mahabalipuram, ƙaramin gari a bakin teku kimanin kilomita 60 kudu da birnin Chennai a jihar Tamil Nadu ta Indiya, bai ji ƙarar guduma a kan dutse ba. Rumfunan masassaƙa jere suke a gefen titi, kowace da gumaka a ƙofa, wasu an gama, wasu ko fuska ba a fitar musu ba. Mu a nan in an ce sassaƙa, turmi da taɓarya da ƙotar fartanya muke tunawa. Su kuwa dutsen giranit suke sara, abin da suke fitarwa kuma siffofin allolin addinin Hindu ne. Aƙida tasu ce, mu sana'ar za mu duba.

Sana'ar ta haura shekara 1,300 a garin. Sarakunan daular Pallava ne suka raya ta, musamman Narasimhavarman na Ɗaya da ya yi mulki daga wajen 630 zuwa 668, wanda ake yi wa kirari da Mamalla, wato gwanin kokawa. Daga nan garin ya samo ɗaya sunansa, Mamallapuram. Masassaƙan zamanin sun ɗauki manyan duwatsu suka mai da su ɗakunan ibada biyar da ake kira Pancha Ratha, suna sara daga sama zuwa ƙasa. Ba a ƙarasa su ba, har yau ana ganin inda ƙarfe ya tsaya. Akwai kuma wani falalen dutse mai faɗin kusan mita 29 da tsayin mita 13, cike da giwaye da mutane da alloli, inda tsagar da ke tsakiya take wakiltar saukowar kogin Ganga daga sama. A can gefe masassaƙin ya saka wata kyanwa tsaye, hannuwa sama kamar mai tsananin ibada, ɓeraye kewaye da ita. Ko a wancan zamani an san musa-a-baki-fir'auna-a-zuci. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1984.

Ana kiran babban gwanin aikin sthapati, kuma galibi gado ne a gidajen da ke danganta kansu da Vishwakarma, wanda Hindu suke ɗauka magini ne na alloli. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarancin 'yancin da gwanin yake da shi. Tsofaffin littattafai da ake kira Shilpa Shastra sun tsara komai. Ma'auninsu tala, wato tsawon fuska, wanda ya kasu yatsa 12. Manyan alloli irin su Shiva da Vishnu tala goma ake yi musu, na ƙasa da su tara ko takwas, Ganesha mai gajarta da tumbi kuwa biyar. Idan awo ya kauce, gunkin ba zai shiga ɗakin ibada ba, kome kyansa.

Tun daga zaɓen dutse ake farawa. Gwani zai ƙwanƙwasa shi da ƙarfe ya saurara. A wurinsu dutse yana da jinsi: mai amo kamar ƙararrawa namiji ne, akwai mace, akwai kuma wanda amonsa ya mutu, shi kam sai dai daɓe ko matakala. Sai a zana siffar da jar ƙasa, almajirai su sare kauri, a sake zanawa, a sake sara, har aiki ya kai ga hannun maigida. Giranit yana cin ƙarfe, shi ya sa rumfa ba ta rabuwa da maƙeri da zai riƙa wasa bakin ƙarafan da suka dakushe.

Duk abin da gunki ya riƙe kamar rubutu yake ga mai ibada. Hannuwa huɗu ko takwas nuni ne da ikon da ya wuce na mutum. Vishnu ana gane shi da katantanwar teku da faifai mai kaifi da kulki da furen bado. Shiva yana da ido na uku a goshi. Ganesha kan giwa gare shi, haure ɗaya a karye, ɓera a gindinsa a matsayin abin hawa. Tafin hannu a ɗage yana kallon mai kallo na nufin kada ka ji tsoro, wanda ya sunkuya ƙasa kuma alamar kyauta ne. A wani kogo a garin an sassaƙa allahiya Durga bisa zaki tana fafatawa da aljani mai kan ɓauna, kuma daga yadda jikinsa ya ja baya za ka san wa zai yi nasara.

Ido ne ƙarshe. Ba a buɗe shi sai ranar da za a girka gunkin, a yi biki, sthapati ya taɓa ƙwayar idon da allurar zinariya. Kafin nan a ganinsu dutse ne kawai.

A 1957 aka kafa makarantar gwamnati ta gini da sassaƙa a garin, abin da ya buɗe sana'ar ga waɗanda ba su gada ba. Ɗaya daga shugabanninta, V. Ganapati Sthapati, shi ya tsara mutum-mutumin mawaƙi Thiruvalluvar a garin Kanyakumari, mai tsayin ƙafa 133, daidai da yawan babukan littafinsa Tirukkural. An buɗe shi ranar 1 ga Janairu, 2000.

Yanzu injin yanka da na gogewa sun shiga rumfuna. Aikin ya yi sauri, ƙura ta ƙaru, ita kuma ƙurar giranit huhu take ci. Ciniki ya rabu biyu: ƙananan gumaka na 'yan yawon buɗe ido da adon otal, da kuma manyan da ɗakunan ibadar Hindu a Amurka da Ingila da Maleshiya suke aikowa a yi musu. Na farkon ana iya yi musu sassauci. Na biyun har yau da tala da yatsa ake auna su.