Daga Tsakar Gida Zuwa YouTube: Me Kahu Za Ta Nuna wa Duniya?

A Kahu, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kibiya a kudancin jihar Kano, da wuya yanzu a ɗaura aure ko a raɗa suna ba a ga wayoyi sun tashi sama ba. Haka abin yake a Rano, haka yake a Tarai da Bunkure. Ango na gaisawa da jama'a abokansa na ɗauka, a cikin gida kuma ƙawaye na bin amarya tun daga ranar lalle har a kai ta ɗakinta. Galibin abin da aka ɗauka a wayar yake ƙarewa, ko ya zagaya WhatsApp kwana biyu, in mimori ya cika a goge. Amma kullum ana samun ƙarin matasan da ke ɗora nasu a YouTube da TikTok da Facebook. Wasu don 'yan'uwansu da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal su ga gida, wasu kuwa don sun ji labarin ana samun dala.

Ba baƙon abu suke yi ba, domin shi kansa YouTube da irin wannan bidiyon ya fara. Wasu samari uku, Chad Hurley da Steve Chen da Jawed Karim, suka kafa shi a Amurka a watan Fabrairun 2005. Bidiyon farko da aka ɗora, ranar 23 ga Afrilun wannan shekara, na daƙiƙa 19 ne kacal: Karim ne tsaye a gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego, yana ɗan surutu. Kafin ƙarshen 2006 kamfanin Google ya saye dandalin a kan dala biliyan 1.65. Zuwa 2019 ana ɗora masa bidiyon da ya haura awa 500 a kowane minti guda.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da namu tarihin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, a kaset, kuma daga nan masana'antar da ake kira Kannywood ta tsiro. Kaset ya ba faifan CD wuri, kasuwar Ƙofar Wambai ta cika ta batse, sannan masu tura fim a waya suka zo suka karya kasuwar faifai. Da 'yan fim suka ga haka sai suka koma intanet. Shirin Izzar So, wanda ya fara fita a YouTube a 2020, ya nuna musu cewa ana iya rayuwa a can. To amma a duk waɗannan shekaru mutumin ƙauye mai saye ne kawai. A birni ake shiryawa, a kawo masa ya kalla. Yau ne karo na farko da na'urar ɗauka da hanyar yaɗawa suka haɗu a aljihun ɗan Kahu, kuma wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

Abin da ke fara karya gwiwar mai son ɗorawa shi ne data. Yana da kyau a san dalili. Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna masu yawa da ake jerawa da sauri, yawanci 30 a daƙiƙa, har ido ya ɗauka motsi yake gani. In aka saita waya a kan 1080p, kowane hoto ɗaya yana da ƙananan ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato sama da miliyan biyu, kuma kowane ɗigo da launinsa. Da a ce waya za ta adana duk wannan yadda yake, da minti ɗaya ya ci kusan gigabait 11. Abin da ya hana haka shi ne dabarar matse bidiyo, irin wadda ake kira H.264. Wayar takan adana cikakken hoto guda, sannan a hotunan da ke biye ta rubuta abin da ya canza kaɗai. In dattijo na zaune yana magana a jikin katanga, katangar ba ta motsi, don haka ba a sake rubuta ta. Bakinsa da hannunsa ne kawai ke cin wuri.

Daga nan mutum zai gane me ya sa bidiyon da aka ɗauka hannu na rawa, ana juya waya hagu da dama a tsakiyar taro, yakan fito da dishi-dishi bayan an ɗora. Komai na cikin hoton na canzawa a lokaci ɗaya, dabarar matsewa ta rasa abin da za ta tsallake, sai ta rage inganci. Jingina waya a kan turmi ko buhu ya fi tsadar waya amfani. Haka kuma duhu: ɗakin da ba haske yakan cika hoto da ƙananan ɗigo masu rawa, su ma su ci nasu rabon.

Ko bayan an matse, wayoyi da yawa kan fitar da sama da megabait 100 a minti, ke nan bidiyon minti goma ya wuce gigabait ɗaya. In aka tace shi a manhaja irin CapCut ko InShot aka fitar da shi a 720p, da ma'aunin da YouTube ke ba da shawara na megabit 5 a daƙiƙa, zai sauko ƙasa da megabait 400, kuma mai kallo a ƙaramar waya ba zai ga wani bambancin a-zo-a-gani ba. Wannan lissafi ya ƙara muhimmanci tun daga Janairun 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ga kuma wata matsalar: an tsara sabis ɗin waya ne don saukewa ta fi ɗorawa sauri, tunda yawancin mutane kallo suke yi. Wayar ma kanta ƙarfinta na aika saƙo zuwa ga turken sadarwa bai kai na turken zuwa gare ta ba. Shi ya sa mutum zai iya kallon fim lafiya lau a ƙofar gidansa, amma nasa bidiyon ya maƙale a rabi. Tsakar dare, lokacin da jama'a suka ragu a kan layi, yakan fi tafiya.

In bidiyon ya isa, kwamfutocin YouTube kan sake fitar da shi a girma daban-daban, daga 144p zuwa sama, don mai raunin sabis ya samu daidai shi. A lokacin ne kuma wani tsari da ake kira Content ID, wanda aka fara a 2007, ke saurarar sautin yana gwada shi da waƙoƙin da masu su suka yi wa rajista. A nan bidiyon biki ke yawan faɗawa. Kai amarya ka ɗauka, amma lasifika na kwararo waƙar wani mawaƙi a bayanka. In waƙar na da rajista, mai ita na iya karɓe kuɗin tallan bidiyon ko ya toshe shi. In kuwa mai haƙƙi ya shigar da ƙorafi a hukumance har sau uku cikin kwana 90, tashar na iya rufuwa gaba ɗaya.

Sai maganar dala, wadda ita ce ta fi ruɗar yaranmu. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000, sannan jama'a su kalli bidiyoyinsa na tsawon awa 4,000 cikin wata 12, ko kuma gajerun bidiyoyinsa su samu kallo miliyan 10 cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In kowane mai kallo yana tsayawa minti uku, ana bukatar kallo 80,000 kafin a ma buɗe ƙofa. In an shiga, mai tasha na samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo, kuma ba a turo masa ko sisi sai abin ya taru ya kai dala 100. Kafin nan Google zai aiko da lambar tantancewa a takarda ta gidan waya, abin da ke zama aiki ga wanda gidansa ba lamba, layinsa ba suna. A ƙara da cewa masu talla sun fi biya a kan mai kallo na Amurka ko Ingila fiye da na Najeriya ko Nijar, alhali masu jin Hausa galibinsu a nan suke. Akwai waɗanda suka ci riba, ba a musun wannan, amma yawancinsu kamfanoni ne masu fitar da shiri duk mako, da ma'aikata da kayan aiki.

Abin da ke damuna shi ne inda neman kallo ke kai mutum in ya ga lissafin ya ƙi fita. Sai a koma zagi, ko tonon silili, ko a juya waya zuwa cikin gida, inda ba a taɓa barin baƙo ya leƙa ba. Gidan Bahaushe an gina shi ne da zaure, don a san inda baƙo zai tsaya. Waya ba ta tsayawa a zaure. Matar wa tana daka ba mayafi, ƙanwa na rawa a cikin 'yan'uwanta mata, tsohuwa ta yi suɓul-da-baka kowa ya yi dariya, yaro ya yi kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba: duk ana ɗauka, kuma da yawa ba a tambaye su ba. Tsohuwar da ta ce maka "ɗauka mana, ɗan nan" tana nufin ka nuna wa jikanta da ke Legas ne. Ba ta san akwai wurin da mutum dubu ɗari za su kalle ta su yi sharhi ba, kuma yardar da aka bayar ba da sanin haka ba, ni a wurina ba yarda ba ce.

Kano ta ga illar wannan tun kafin YouTube ya yi ƙarfi a nan. A 2007 wani bidiyon sirri da aka ɗauka a waya ya fita, ya bi Bluetooth daga hannu zuwa hannu. Rayuwar wadda ke ciki ta dagule, aka dakatar da shirya fim a jihar na tsawon watanni. Bidiyo ma zarar bunu ne kamar magana. Kana iya goge naka, amma wanda ya riga ya sauke yana nan da nasa. Hukuma kuma ba barci take ba. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala 20 kowannensu da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka ɗora a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 a watan Mayun 2025 saboda ba a kai mata su ta duba ba. Mutum na iya jayayya da tsananin wasu hukunce-hukuncen, kuma ina cikin masu ganin bulala a kan barkwanci ta yi yawa, amma bai kamata yaro ya shiga harkar bai san da su ba.

Mutane da yawa ba su san cewa YouTube na ba da zaɓi uku ba yayin ɗorawa. Akwai na kowa da kowa, akwai wanda sai mai adireshin bidiyon ne zai gani, akwai kuma na sirri wanda sai waɗanda ka zaɓa. Bidiyon suna da na kamu a na biyu ko na uku ya kamata su zauna. Ta haka dangi na nesa za su gani, kuma in waya ta faɗa rijiya ko aka sace ta a kasuwa, tarihin iyali bai tafi da ita ba.

To me ya cancanci a buɗe wa kowa? A 2015 an gwada wani abu a jihar Maraɗi ta Nijar. Shirin SPRING da ƙungiyar Digital Green, wadda ta fara aikinta da manoman Indiya, suka horar da mutanen yankin su riƙa ɗaukar gajerun bidiyoyi da Hausa a kan shayarwa da abincin yara da wanke hannu. 'Yan ƙauyen ne taurarin, a gidajensu, da tukwanensu, aka kuma riƙa haska bidiyoyin a ƙauyuka 20 da ƙananan majigi. Hikimar ita ce mutum ya fi gaskata wanda ya yi kama da shi. Manomin Kahu da ya nuna yadda yake ɗaure wake a buhun PICS mai ruɓi uku don ƙwari su mutu ba tare da magani ba, ko yadda yake gane ciyawar wuta-wuta ta kama dawa tun kafin ta yi fure, zai fi shiga kunnen manomin Kazaure ko Tasawa fiye da takardar da aka rubuta da Turanci. Irin wannan bidiyon ba ya tsufa; duk kaka za a neme shi.

Ga kuma tarihi. Rano na cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ne ake kira sarakunan baba saboda rini. Ga duwatsun Rurum, ga hawan sallah na masarautar Rano, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Akwai dattawan da suka ga yankin kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, suka kuma ga yadda noman rani ya sauya abinci da arziki. Akwai maƙera da masaƙa da mata masu sarrafa gyaɗa su fitar da mai da ƙuli-ƙuli, waɗanda 'ya'yansu ba lallai su gaji sana'ar ba. Babu kamfanin Kano da zai ɗauko ma'aikata ya zo ya zauna da su awa biyu. Jikansu ne zai iya, in ya nemi izini, ya kuma bayyana musu inda abin zai je.

In zai yi, ya fi kula da sauti a kan hoto, domin mai kallo na haƙuri da hoto mai rauni amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. A matso da waya kusa da mai magana, a guji iska da ƙarar injin niƙa, rana ta kasance a bayan mai ɗauka, da hantsi ko bayan la'asar. Wajen ɗorawa kuma a rubuta take da Hausa sosai, da sunan gari da na ƙaramar hukuma da shekara da abin da ake nunawa, domin da waɗannan kalmomi ne injin bincike ke nemo bidiyo. Wanda aka bari da lambar da waya ta raɗa masa zai nutse cikin awa 500 ɗin da ke shigowa kowane minti, ko ɗan Kibiya da ke nemansa daga Jidda ba zai same shi ba.