Neman asali a Amurka: takarda na kai wasu har 1620, ta wasu ta tsaya a 1870

A ƙarshen shekarar 1620 wani jirgin ruwa mai suna Mayflower ya isa gaɓar da yau ake kira jihar Massachusetts, ɗauke da mutum 102 da suka taso daga Ingila. Kusan rabinsu ba su ga ƙarshen hunturun farko ba. Waɗanda suka rayu kuwa, su ne yau dubban Amurkawa ke kashe kuɗi da lokaci don tabbatar da cewa daga tsatsonsu suka fito.

Tun 1897 akwai ƙungiyar zuriyar mutanen wannan jirgi, kuma ba a shigarta da cewa "kakata ce ta gaya mini". Mai nema sai ya kawo shaidar haihuwa, aure da mutuwa, tun daga kansa, kaka bayan kaka, har ya haɗu da ɗaya daga cikin fasinjojin. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne an rubuta su. Gwamnansu William Bradford ya bar jerin sunayen waɗanda suka shigo jirgin, majami'u da hukumomin garuruwa kuma suka ci gaba da ajiye rajista.

Jikokin baƙin da suka zo daga baya ma suna da madogara. Daga 1892 zuwa 1954, sama da mutum miliyan 12 suka bi ta tsibirin Ellis da ke New York, akasarinsu daga Turai. Takardun jiragen da suka kawo su na ɗauke da suna da shekaru, da yawa har da garin da mutum ya baro, kuma yau ana duba su a intanet.

Ga baƙaƙen fatar Amurka lamarin daban ne, duk da cewa wasu kakanninsu sun riga Mayflower zuwa. A watan Agustan 1619 aka sauke ƴan Afirka ashirin da ƴan kai a Virginia, waɗanda aka kamo daga yankin Angola ta yau. Amurka na ƙidayar jama'a duk bayan shekara goma tun 1790, amma a ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba. Sunan ubangida ake sawa, a ƙarƙashinsa a jera shekaru, jinsi da launin fata. Bayin sun kai kusan miliyan 4 a 1860. Sai a ƙidayar 1870, shekara biyar bayan haramta bauta, suka bayyana da sunayensu. Shi ya sa masu binciken salsala ke kiran wannan shekara katanga. Ƙari a kan haka, gobarar 1921 a Washington ta lalata kusan duk takardun ƙidayar 1890.

Wanda ke son tsallake katangar sai ya fara gano wa ya mallaki kakansa, sannan ya shiga wasiyya da takardun rabon gadon wannan gida. Da haka ne jaridar New York Times ta bi sawun dangin Michelle Obama a 2009, har ta kai ga wata yarinya mai suna Melvinia. Sunanta ya fito a wasiyyar wani mai gona a South Carolina a 1850, tana da kimanin shekara shida, cikin jerin dukiyar da ta haɗa da kayan gida da shanu. Daga baya aka yi mata kuɗi dala 475. Abin takaici ne a ce takardar da ta mayar da mutum haja ita ce ta adana sunansa, amma a wajen iyalai da yawa ita ce shaida mafi tsufa.

Binciken kuma bai tsaya ga alfahari ba. A 1838 limaman Katolika masu tafiyar da kwalejin Georgetown suka sayar da bayi 272 ga masu gonaki a Louisiana don biyan bashi. Takardun cinikin ne suka ba da damar gano jikokinsu, kuma a 2016 jami'ar ta sanar da ba su fifiko wajen ɗaukar ɗalibai. Wanda bai iya nuna alaƙarsa a rubuce ba, wannan dama ba ta kai gare shi.

Gwajin DNA na yawu, wanda kamfanoni ke tallatawa, yana iya nuna yankin da jinin mutum ya fi kama da shi, yana haɗa ƴan uwan da ba su san juna ba, amma ba ya faɗin sunan kaka ko ƙauyensa. Yana da nasa haɗarin: a 2023 aka sace bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga kamfanin 23andMe, wanda ya bayyana karyewarsa a watan Maris na 2025.

Ƴan Nijar mazauna Bronx ko Greensboro su ne yau farkon layin da jikoki za su nema. Wasunsu sun shiga ƙasar da takardar kotu mai cewa an haife su "wajajen" shekara kaza, ko 1 ga Janairu, sunan kuma da rubutun Faransanci: Mahamadou a wannan takarda, Mamadou a waccan. Dokar Amurka na ɓoye bayanan ƙidaya har shekara 72. Na 1950 an buɗe su a watan Afrilun 2022, na 2020 sai 2092. Jikan da ya duba a lokacin zai ga suna, ranar haihuwa da asalin da kakansa ya rubuta da kansa. Takardar ƙidayar 2020 ba ta tambayi garin haihuwa ba, don haka ba zai ga Tasawa, Mirriya ko Madawa a ciki ba.