Yadda Aka Soma Rubuta Karin Waƙar Coci a Turai

Rubuta baitocin waƙa ba ya gagarar duk al'ummar da ta mallaki haruffa, amma rubuta karin da ake rera su da shi wani aiki ne daban, wanda ya daɗe yana gagarar Kiristocin Yammacin Turai. Malam Isidor na Ishbiliya, wanda ya rasu a 636, ya bayyana cewa sauti yakan salwanta muddin ba a riƙe shi a ka ba, domin ba ya rubutuwa. Ashe ke nan hadda ce kaɗai madogarar mawaƙin coci.

Nauyin haddar ya ƙaru yayin da Sarki Fefin da ɗansa Sharlaman suka ƙudura cewa a rera waƙoƙin ibada irin na birnin Rum a dukkan daularsu, kamar yadda umarnin Sharlaman na 789 ya jaddada. A ƙarni na 9 sai ga waɗansu alamomi da ake kira niyum sun ɓullo a bisa kalmomin Latin, wato ɗige-ɗige da ƙugiyoyi da 'yan zane-zane masu nuna ko murya za ta hau ko za ta sauka, da yawan sautukan da ke kan gaɓa guda. Littafin gidan sufaye na San Gal, a ƙasar Suwizalan ta yau, wanda aka rubuta wajen 925, yana cikin mafiya kyau. Sai dai alamomin ba su faɗin iyakar nisan hawan. Tuni ne kawai ga wanda ya riga ya san waƙar, tamkar yadda rubutun boko bai bambanta gari na mazauna da gari na tuwo, sai mai jin harshen ya raba gardama.

Sufi Gwido na Arezo, a Italiya, shi ne ya daidaita layukan kwance wajen 1030, ya sa jan layi ga wani sauti, rawaya ga wani, ta yadda kowace alama ta sami matakinta. Ya yi iƙirarin cewa karatun shekara goma ya koma na shekara ɗaya ko biyu, har Paparoma Yahaya na 19 ya kira shi Rum ya ga zahiri. Abin mamaki, sabon tsarin ya yi sakaci da waɗansu alamomin ja da saurin murya waɗanda marubutan San Gal suka kiyaye, shi ya sa har yau masana suke saɓani a kan tafiyar waɗannan waƙoƙi.

Asara mafi girma a Sifen ta auku. A 1080 taron Burgos ya maye gurbin tsohuwar ibadar ƙasar da ta Rum, tun kafin a kwafe waƙoƙinta bisa layuka. Littattafan suna nan, har da babban kundin Leyon na ƙarni na 10, dubban waƙoƙi a rubuce ɓaro-ɓaro, amma in ban da 'yan ƙalilan, babu mai iya rera su.