Gyaran Hoton Tsohon Kaset Na Talabijin A Kwamfuta

A wani rangadi da muka yi kwanan baya, mun tarar da akwati cike da kaset na bidiyo a sito na wata kwalejin horon malamai, duk darussa ne da wasannin kwaikwayo da aka naɗa daga talabijin shekaru da dama da suka wuce. Wani malami ya yi ƙoƙarin juye su cikin kwamfutarsa, amma hoton ya fito da tsaki-tsaki, ga wani zane mai duhu yana ta hawa. Lalle abin yana bukatar gaggawa, gama kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera injin VHS, ya daina a 2016, kaset kuwa zafi da raɓa da ƙurar hunturu suna cinsa kullum.

Abin da mu ke so malamai da ma'aikata su riƙe shi ne, yawancin dattin nan ba a cikin kwamfuta a ke haifarsa ba, tun a hanya ya ke shigowa. Katin ɗaukar hoto, watau ɗan abin nan da ke mai da hoton bidiyo lambobi, ba ya bambanta fuskar mutum da datti. Abin da aka miƙa masa shi zai rubuta.

Saboda haka sai a fara da inji. A goge kan da ke karanta kaset da sifirit mai tsabta, a hankali, sa'an nan a daidaita maɓallin tirakin har layukan da ke yage hoto su kwanta. Kaset da ya yi fumfuna kada a sa shi sam, zai ɓata kan injin, ya shafa wa na bayansa. In injin yana da kafar S-Video, a bi ta nan, domin tana raba haske da launi, alhali wayar nan mai kai rawaya tana cakuɗa su, shi ya sa a kan ga ɗige-ɗige suna rarrafe a gefen rubutu.

Zanen nan mai hawa kuwa daga wutar lantarki ya ke. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, hoton PAL da a ke amfani da shi a Nijeriya shi ma rabi-rabi 50 ne a daƙiƙa, to ɗan saɓanin da ke tsakaninsu shi ke sa zanen tafiya. Sau da yawa maganinsa bai wuce a haɗa bidiyo da kwamfuta a soket guda ba. In hoto yana rawa ko karkacewa, wannan aikin na'urar daidaita lokaci ne, wadda a ke kira TBC, kuma tsadarta ba kaɗan ba ce.

A cikin kwamfuta a zaɓi PAL, ba NTSC na Amurka ba, a girman 720 da 576, a ɗauka ba tare da matse hoton ba ƙwarai. Awa guda ta kan ci wajen gigabait 30. Mun san wannan zai sa akawun kuɗi ya ɓata rai, amma fa hoton da aka matse da dattinsa ba ya wankuwa.

Sai bayan duk wannan a ke sa abin tacewa, irin wanda ke cikin VirtualDub ko AviSynth. Yadda ya ke aiki shi ne, yana gwada hoto da na gabansa da na bayansa, abin da ya ɓullo ya ɓace nan take ya ɗauke shi datti ne. Malamin nan namu ya matsa masa har ƙarshe, sai ga zanen fuskar wani dattijo da aikin wuyan rigarsa sun tafi tare da tsakin, hannunsa kuma in ya motsa yana jan inuwa. Da ya ke bai ajiye na asali ba, sai da ya sake juyen kaset ɗin tun daga farko. Yanzu mun umurce shi ya riƙa ajiye juyi biyu, ɗanye da tatacce, ya rubuta kwanan wata da sunan shiri a kan kowanne.