Kaska da Kirci: Abin da Bincike Ya Gano a Garken Shanu

Kirarin da Hausawa ke yi wa kaska, wato raɓi mai jini, rabin halinta kawai ya kama, domin jinin da take zuƙa shi ne mafi ƙanƙantar ɓarnar da take yi wa dabba. Tun a shekarar 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa ita ce ke yaɗa cutar da ke sa shanu zazzaɓi da fitsarin jini, shekaru huɗu kafin a gano ƙwayar maleriya a cikin sauro.

A Afirka ta Yamma nau'in da ya fi addabar makiyaya shi ne wanda masana ke kira Amblyomma variegatum, babbar kaska mai dogon baki wadda namijinta ke da ado mai launin ruwan goro a gadon baya. Sau uku take hawa jikin mai rai kafin ta gama rayuwarta, kuma a kowane hawa takan ƙoshi ta faɗo ƙasa, ta yadda ƙananan kan raɓi zabi da zomon daji da awaki, manyan kuwa su nufi shanu da ɓauna da zarar damina ta faɗi. Wannan zirga-zirga tsakanin daji da garke ita ta sa kawar da ita kwata-kwata ya gagara.

Alaƙarta da kirci, ciwon nan da ke mayar da fatar saniya ɓawo-ɓawo har ta rame, fatar kuma ta rasa daraja, ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Ƙwayar da ke haddasa kirci, wadda aka fara bayyanawa a Kwango a 1915, tana samuwa ko a fatar dabba mai lafiya, kuma ba kaska ce ke dasa ta ba. Abin lura shi ne, kaskar takan maƙale a hantsa da ƙirji da ƙarƙashin wutsiya, alhali ɓawon yakan mamaye gadon baya, nesa da wurin cizon. Gwaje-gwajen da aka yi a Ghana sun nuna cewa garken da aka tsare daga wannan kaska kirci ba ya yi masa tsanani, abin da ya ƙarfafa fahimtar cewa yawun kaskar ne ke raunana garkuwar jiki, sai ƙwayar ta samu ƙofa, musamman idan ruwan sama ya jiƙa fata. Tsibiran Karebiyan sun ba da shaida irin wannan, domin kaskar ta isa can a jikin shanun da aka kai daga Senegal, kuma tsibirin da ta shiga kirci mai tsanani yakan biyo bayanta.

Binciken da ya fi kusa da buƙatar makiyayi, wanda kuma ya cancanci a fi saninsa, shi ne na Frédéric Stachurski a Bobo Julaso ta Burkina Faso. Ya gano cewa kaskar ba ta zarcewa hantsa kai tsaye. Da rana takan laɓe a tsakanin kofato, sai da dare, idan saniya ta kwanta, sannan ta ƙaura. Saboda haka ɗan kwarmin siminti mai ruwan magani, wanda shanu za su ratsa da yamma idan sun dawo kiwo, yana kashe yawancinta kafin ta kai nono, da magani kaɗan, ba tare da wahalar cire ta da hannu kowace safiya ba.

Sai dai wannan dabara an gina ta ne a kan ɗabi'ar nau'i guda. A 2007 aka tabbatar da ɓullar Rhipicephalus microplus a Kwaddibuwa, kaska mai asali daga Asiya wadda ta shigo tare da shanun Brazil, wadda ke ƙare girmanta a jikin saniya ɗaya, ta kuma shahara da jure wa magunguna, kuma tuni aka same ta a Benin da Najeriya da Kamaru.